Tazarar Haihuwa a Gidan Mace Ɗaya

Zance iri biyu muke yawan ji daga bakin abokan zama idan hira ta biyo ta kan tsarin iyali, kuma dukkansu a kan mu 'yan Katolika ake yin su. Na farko shi ne na masu cewa ai mu mabiyan Nasara ne, duk abin da Bature ya ƙera, ƙwaya ce ko allura ko roba, halal ne gare mu tun daga cikin kwalinsa. Na biyu kuwa na waɗanda suka ɗan taɓa karatu ne, sukan ce Paparoma ya hana mu taɓa komai, sai dai mace ta yi ta haihuwa har ƙwanta ya ƙare, ko kuwa kwananta ya ƙare. Har cikin majami'a ma ba a rasa masu riƙe da ɗaya daga cikin zantukan nan. To, da yake wannan mujalla ta marubuta ce, marubuci kuwa ba ya rasa ranar da zai sanya maƙwabcinsa a cikin labari, muka ga ya kyautu mu zayyana abin da koyarwar ta ƙunsa, da kuma yadda muka same ta a cikin ɗakin aure.

Har zuwa farkon ƙarni na 20 bakin manyan ɗarikun Kirista ɗaya ne a kan wannan batu, wato hana ɗaukar ciki da gangan laifi ne. A 1930 ne shugabannin Angilikan suka yi taronsu na Lambeth a Ingila suka ɗan sassauta, suka ce in akwai dalili mai nauyi ma'aurata suna iya bin wata hanya ban da ƙaurace wa juna. Shekarar ba ta ƙare ba sai da Paparoma Pius na 11 ya mayar da martani, ran 31 ga Disamba, cikin wasiƙarsa mai suna Casti Connubii. Ya ce ƙofar nan a rufe take. Amma a cikin wasiƙar ya nuna cewa babu laifi ga miji da mata su kusanci juna a lokacin da halitta da kanta ba ta ba da damar ɗaukar ciki ba.

Sai aka yi dace. A daidai shekarun nan wasu likitoci biyu, Kyusaku Ogino na Japan da Hermann Knaus na Ostiriya, kowa a nasa ɓangaren, suka gano cewa ƙwan mace yana fita ne kimanin mako biyu kafin zuwan jinin al'ada na gaba. Ke nan kwanakin da babu ɗaukar ciki abin lissafawa ne. Tambaya ta taso: shin ya halatta ma'aurata su zaɓi waɗannan kwanaki da niyya, su bar sauran? Paparoma Pius na 12 ya amsa ta a watan Oktoba na 1951, a wani jawabi da ya yi wa ungozomomin Italiya. Ya ce ya halatta in akwai dalili, har ya kawo dalilai kashi huɗu: na lafiyar jiki, na cutar da ake gado, na tattalin arziki, da na yanayin zama. Ya ƙara da cewa irin wannan dalili yana iya ɗorewa tsawon lokaci, har ma tsawon auren duka. Wannan ƙarshen maganar ba kasafai ake jin ta daga kan bagadi ba.

Da hukumomin Amurka suka amince da ƙwayar hana ɗaukar ciki a 1960, zancen ya sake tashi sabo. Paparoma John na 23 ya kafa kwamitin mutum 6 a 1963 don ya duba lamarin, magajinsa Paul na 6 ya faɗaɗa shi har ya haura mutum 70, da malaman tauhidi da likitoci da ma'aurata. A 1966 mafi yawansu suka ba da shawarar a sauya koyarwar, a 1967 rahotonsu ya tsiyaya zuwa jaridu, duniya ta zuba ido tana jiran sauyi. Ran 25 ga Yuli na 1968 Paul na 6 ya sanya hannu a wasiƙar Humanae Vitae, ya ƙi shawarar masu rinjaye. Ƙurar da ta tashi ba ta kwanta ba har yau. Bishop-bishop na Jamus da na Kanada sun fitar da sanarwa a shekarar suna jaddada matsayin lamirin mutum, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa 'yan Katolika da yawa a Turai da Amurka ba sa bin wannan sashe na koyarwar. Duk da haka Paparoma John Paul na 2 ya sake tabbatar da ita a 1981, ta kuma shiga babban littafin katikizim na 1992.

Ginshiƙinta shi ne cewa saduwar aure tana da fuska biyu, haɗa zukatan ma'aurata da buɗe hanyar samun rai, kuma ba a yarda mutum ya raba su da hannunsa ba. Don haka aka hana ƙwaya da allura da roba da juya mahaifa, har da azalu, wanda 'yan'uwanmu Musulmi suka san malaman fiƙihu da dama sun halatta shi da yardar mace. An keɓe magani da aka sha don warkar da cuta ko da zai hana ciki, muddin ba hana cikin aka nufa ba. Abin da aka bari a buɗe shi ne ma'aurata su san jikin mace, su haƙura da juna a kwanakin haihuwa.

Ga yadda lissafin yake, don mai karatu ya san ba duba ake yi ba. Ƙwan mace ba ya wuce kwana 1 da rai bayan fitowarsa, maniyyi kuwa yana iya kai kwana 5 a jikinta yana jira. Kwanakin ɗaukar ciki ke nan kimanin 6 a kowane zagaye, wahalar ita ce a gane waɗanne ne. Lissafin kalanda na Ogino da Knaus ya kunyata mutane da yawa, don jikin mace ba agogo ba ne: zazzaɓi ko tafiya ko ɓacin rai yana iya jinkirta fitar ƙwai. Daga baya wasu likitoci miji da mata a Melbourne ta Ostareliya, John da Evelyn Billings, suka kafa hanyar lura da ruwan da ke fitowa daga bakin mahaifa, wanda yakan zama mai santsi da yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai idan lokaci ya kusa. Akwai masu haɗa wannan da auna zafin jiki kowace safiya kafin a sauka daga gado, don yakan ɗan ɗaga, ƙasa da rabin digiri ko kusa da haka, bayan ƙwai ya fita. A farkon shekarun 2000 kuma Jami'ar Georgetown ta Amurka ta fito da wani abu kamar carbi mai duwatsu 32. Ja shi ne ranar farko ta al'ada, farare 12 su ne kwana na 8 zuwa na 19 da ake ƙauracewa. Saukinsa ya sa ya karɓu, amma ba ya aiki sai ga macen da zagayenta yake tsakanin kwana 26 da 32.

Game da inganci, alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka sun nuna cewa cikin mata 100 masu bin ire-iren waɗannan hanyoyi, tsakanin 2 da 23 sukan yi ciki a shekara, gwargwadon hanyar da aka bi da yadda aka kiyaye ta. Na ƙwaya 7 ne, na kwaroron roba 13. Ratar da ke tsakanin 2 da 23 ɗin nan, a ganinmu, yawancinta halin maigida ne.

Akwai tambayar da duk ɗalibi mai kaifin hankali yakan yi, mu ma mun sha jin ta a ɗakin malamai: in niyya ɗaya ce, kada a yi ciki, mene ne bambancin mai ƙirga duwatsu da mai haɗiyar ƙwaya? Amsar Ikkilisiya ita ce kyawun niyya ba ya wanke kowace hanya. Mukan kwatanta shi da mutum biyu da aka tambaye su wani sirri, ɗaya ya yi shiru, ɗaya ya yi ƙarya. Sirri bai fita daga bakin kowannensu ba, amma babu mai cewa aikinsu ɗaya. Mai haƙuri a kwanakin haihuwa bai taɓa aikin ba balle ya sauya shi, ɗayan kuwa ya yi aikin ya cire masa wani abu. Wannan hujja tana zaunawa daram a cikin aji da rana tsaka. Da ƙarfe 11 na dare, a kwana na tara na haƙuri, ba kullum take da wannan ƙarfi ba, kuma duk wanda ya ce muku ba haka ba ne, ku tambaye shi ko yana da aure.

Sai batun dalilai, wanda shi ne ya fi damunmu, don a nan ake cutar mutane. Wasiƙar 1968 ta yabi masu tara 'ya'ya da yawa cikin tunani da karimci, ta kuma sanya a sahu ɗaya da su waɗanda suka dakata, na ɗan lokaci ko ba tare da ƙayyade rana ba, saboda dalili na lafiyar jiki, ko na hankali da zuciya, ko na aljihu, ko na yanayin zama. Ba ta ba da adadin 'ya'ya ba. Ba ta ce a nemi izinin Fada ba. Babban taron Vatican na Biyu ya riga ya faɗa a 1965 cewa iyaye da kansu ne za su yanke wannan hukunci a gaban Allah. Sharaɗin kawai shi ne kada son kai ya zama shi ne dalilin, wato mutum ya ƙi haihuwa don kada yaro ya tsare masa jin daɗi. Amma wa ke iya gane wannan daga waje? Miji da mata da dukkansu suke ɗauke da jinin AS, waɗanda kowane ciki nasu yana da kashi 1 cikin 4 na zuwa da sikila, ba za su rataya takardar gwaji a ƙofar gida ba. Malamin da albashinsa yake yin wata biyu bai zo ba, ga kuɗin makarantar yara huɗu, ga magani na tsohuwa, shi ma ba zai yi shela ba. Macen da tun haihuwar da ta wuce take kwana tana kuka ba ta san dalili ba, ita ko suna ba ta da shi na abin da ke damunta. Duk waɗannan dalilai ne da koyarwar ta san da su, amma jama'a ba su gani, sai su ce an waye an bi Turawa.

Ɗaya gefen ma bai tsira ba. Mai 'ya'ya tara ana yi masa dariya a ofis. A watan Janairu na 2015, cikin jirgi a hanyarsa ta dawowa daga Filifin, marigayi Paparoma Francis ya ce zama ɗan Katolika na ƙwarai ba ya nufin a yi ta haihuwa kamar zomo, har ya ba da labarin wata mai ciki na takwas bayan tiyata bakwai da ya ja wa kunne. Jaridu suka ɗauki zomon suka bar sauran zancen. Kwana biyu bayan haka ya fito ya yabi manyan iyalai, wannan kuwa bai yi nisa ba.

Namu dalilin ya zo ne a haihuwa ta huɗu. Uwargida ta zubar da jini har sai da aka yi mata ƙari, likita ya kira mu gefe ya ce a ba ta aƙalla shekara uku, in da hali ma a tsaya nan. Wata Sista ma'aikaciyar jinya ce ta koya mana hanyar Billings, muka yanka littafin rubutu na 'yan makaranta muka ja masa layuka. A nan muka gane wani abu da masu wa'azi ba su cika faɗa ba, cewa wadda ta fi kowa bukatar hanyar, wato mai shayarwa, ita ce alamunta suka fi rikitarwa. Shayarwa tana karewa ƙwarai, amma da sharaɗi uku: jariri bai kai wata 6 ba, nono kaɗai yake sha dare da rana, al'ada kuma ba ta dawo ba. Da ɗaya ya faɗi, kariya ta faɗi. Tsakanin wannan lokaci da daidaituwar al'ada akwai watanni da alama takan zo ta koma, ta sake zuwa. Da yake rai ne a kan ma'auni, duk ranar da muka yi shakka sai mu haƙura, ranakun shakka kuwa suka yi ta haɗuwa suna zama makonni.

Shekara tara muna tare kafin wannan, kalmar al'ada ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba. Kunya ce irin wadda aka rene mu da ita. Littafin nan ne ya tilasta mana magana. Da daddare bayan yara sun kwanta sai ta ce, "Malam, ɗauko biro," ta faɗi abin da ta gani, mu rubuta. Da farko kowa kansa a sunkuye. Daga baya hirar ta riƙa zarcewa zuwa abubuwan da ba su shafi littafin ba, har muka ji tsoron da ta kwana da shi a asibiti, wanda ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Da auta ya fara gudu, mahaifiyarmu ta zo daga ƙauye ta kira mu gefe. "Kai, lafiya kuwa ɗakin nan shiru?" Muka ce, "Lafiya lau, Inna, hutawa take yi." Ta ce, "Hutu? Mu a zamaninmu yaye kawai muka sani."

Gaskiya Inna ta faɗa, kuma maganarta ce ta nuna mana inda namu ya bambanta da nasu. Tazarar haihuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Mai haihuwar fari takan tafi gidan iyayenta goyon ciki, ta yi wankan jego a can. Mai goyo ba ta komawa shimfiɗar miji sai ta yaye, wajen shekara biyu, don an yi imani cewa ciki yana ɓata nono. Wadda ta yi kwanika kuwa ta shiga bakin tsofaffi. Wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, da Mary Smith ta rubuta aka buga a 1954, zai tarar da wannan ƙa'ida a bakin tsohuwar. Shekara biyun shayarwa tana cikin Alƙur'ani, Hukumar Lafiya ta Duniya ma wata 24 take ba da shawarar a bari bayan haihuwa kafin wani ciki. Amma mu duba abin da ya riƙe wancan tsari: nisa ne, da idon tsofaffi, da ɗakin kishiya. Namiji bai yi haƙurin komai ba a gidan da ake da mata biyu ko uku, ya dai sauya ƙofa. Ɗan Katolika kuwa mace ɗaya gare shi har mutuwa, sau da yawa a ɗaki ciki da falo na haya a gari, nesa da tsofaffi. Abin da dā katanga da dangi suke yi, yanzu mutum biyu ne za su yi shi a kan gado ɗaya da bakinsu da zuciyarsu. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna mace a Arewa maso Yamma tana haihuwar 'ya'ya 6.6 a matsakaici, a Nijeriya kuma mata 512 ke mutuwa cikin kowace haihuwa 100,000. Bayan waɗannan lambobi akwai gidajen da tsohon tsari ya rushe, sabo bai kafu ba.

Nauyin nan kan namiji ya fi faɗawa, ko da yake jikin mace ake karantawa. Ƙwaya mace tana iya shan ta ita kaɗai a ɓoye. Wannan hanya kuwa in miji ya ce a'a, ta mutu nan take. Akwai wani wuri a wasiƙar Paul na 6 da ya kamata a riƙa karanta wa maza kowace shekara, inda ya nuna cewa saduwar da aka tilasta wa abokin aure ba tare da duba halin da yake ciki ko abin da yake so ba, ba aikin ƙauna ba ce, ta kuma saɓa wa tsarin aure. Mun ji wa'azi da yawa a kan ƙwayar da mata ke sha. Ba mu tuna ranar da aka tsaya a kan wannan ba.

Saboda haka ba mu da bakin hukunta wasu matan da muka sani. Akwai matar direban babbar mota, wanda yake kwana biyu a gida cikin wata, kuma ba shi yake zaɓar kwanakin ba. Akwai wadda mijinta yake dawowa daga gidan burkutu, wa zai nuna masa littafi? Irin waɗannan sukan je asibitin sha-ka-tafi a yi musu allura, su dawo su zauna a kujerar baya ran Lahadi, su daina tashi karɓar jibi, ba mai tambayarsu dalili. Koyarwar ba ta sauya dominsu ba, mun sani. Amma wasiƙar da ta hana allurar ita ce kuma ta umurci firistoci da haƙuri da tausayi ga mutane, kuma a ganinmu wanda ya kamata Fada ya fara nema shi ne mijin da ke zaune a sahun gaba.

Yanzu mu da uwargida mukan taimaka wa katikis wajen koyar da masu shirin aure, da Hausa, don yawancin matasanmu ita suka fi ji. Aiki ne mai wuya, don kalmomin da harshen yake da su na waɗannan abubuwa ko dai na asibiti ne da ba a ganewa, ko na zagi da ba a faɗa a harabar majami'a. Dā samari sukan zame su bar 'yan mata a ciki, wai zancen mata ne. Sai muka kafa ƙa'ida: littafi da biro a hannun saurayi suke, shi zai rubuta, shi za a tambaya. A wani aji, bayan an zagaya da carbin nan kowa ya taɓa, wani saurayi ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to in daren biki ya faɗo kan fararen duwatsu fa?" Aji ya kwashe da dariya, amaryarsa ta rufe fuska da gyale. Uwargida ta jira har aka yi shiru, ta ce masa, "Ɗana, in kuna son haihuwa nan da nan, ai ka yi sa'a. In kuwa kuna da dalilin jira, ka tambaye ta kafin kawunanka su sa rana."